RA'AYINMU: Lasin Aski da Kitso a Amurka, Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

A cikin shekarar 1997, a birnin Dallas na Jihar Texas ta ƙasar Amurka, 'yan sanda suka shiga wani shagon kitso, suka kama mai shagon, wata baƙar fata mai suna Isis Brantley, suka yi awon gaba da ita. Laifin da aka tuhume ta da shi kuwa shi ne tana yi wa mata kitso tana karɓar lada, alhali ba ta da lasin gwamnatin jiha. Sai da aka yi shekara 18 ana kai ruwa rana, sa'an nan a 2015 wata kotun tarayya ta ba ta gaskiya a kan sharuɗɗan da aka gindaya mata kafin ta koya wa wasu sana'arta. A cikin wannan shekarar kuma Majalisar Dokokin Texas ta fitar da kitso daga jerin sana'o'in da sai da lasin ake yin su.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ji wannan labari, abin da zai fara zo masa shi ne dariya, domin ya san inda ake koyon kitso. A tsakar gida ake koyonsa, a kan tabarma, yarinya ta ɗora kan ƙanwarta a cinya tana ɓatawa ana tsefewa, har ranar da hannunta zai faɗa. Ya kuma san wanzami, wanda ya gaji aska da zabira daga ubansa, uban kuma daga kakansa. Amma mu ba dariya ta sa muka ɗauko wannan magana ba. Dalilinmu biyu ne. Na farko, akwai 'yan'uwanmu na Afirka ta Yamma da yawa a Amurka, daga Senigal da Mali da Gini da Gana da Nijar da Nijeriya, waɗanda tuwonsu da kuɗin makarantar 'ya'yansu ke fitowa daga kitso da aski, wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla kuma suna da niyyar bin sawunsu. Na biyu, mu ɗaliban yau mu ne ma'aikatan gobe da za a miƙa wa alƙalami a ce su tsara dokoki, kuma mun san halin ofisoshinmu na kwaso dokar wata ƙasa ɗungurungum, a sake mata suna, a ce an ci gaba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda Ake Samun Lasin

A Amurka ba gwamnatin tarayya ke ba da wannan lasin ba. Kowace jiha daga cikin jihohi 50 tana da dokarta, tana kuma da hukumar da ke kula da masu aski da masu gyaran gashi da fata da farce. Jihar Minnesota ce ta fara kafa dokar lasin aski a 1897, shekara huɗu bayan wani mai suna A. B. Moler ya buɗe makarantar koyon aski a birnin Shikago a 1893. Daga nan sauran jihohi suka bi ɗaya bayan ɗaya, har Alabama, wadda ta daɗe tana noƙewa, ta shiga sahu a 2013.

Ko da yake dokokin sun bambanta, hanyar kusan ɗaya ce. Da farko mai nema ya kai shekara 16 ko 17, kuma a jihohi da yawa ya nuna shaidar ya yi wani abu na karatun sakandare. Sa'an nan ya shiga makarantar da hukumar ta amince da ita, ya cika adadin awoyin da doka ta yanka, ana rubuta masa su kamar yadda ake rubuta wa lebura kwanakin aiki. A nan ne babban bambancin yake. Mai neman cikakken lasin gyaran gashi da kwalliya a Jihar New York awa 1,000 zai yi, a Florida awa 1,200, a jihohi masu yawa kuwa awa 1,500. Idan mutum yana zuwa makaranta awa takwas a yini, kwana biyar a mako, awa 1,500 za ta cinye masa wajen wata tara, ba ya wani aikin da zai kawo masa kwabo. Wasu jihohin sun yarda mutum ya koya a hannun maigida maimakon makaranta, amma sai a ninka masa lokaci: a Kalifoniya mai bin wannan hanya awa 3,200 zai yi cikin shekara biyu.

Bayan an cika awoyi sai jarrabawa. Akwai ta rubutu, wadda ta ƙunshi tsabta, da cututtukan fata, da sanin magungunan da ake shafa wa gashi, da dokokin jihar. A jihohi da yawa akwai kuma ta aiki, inda mai nema zai zo da kayan aikinsa da kan 'yar tsana, ya yi aski ko gyara a gaban masu dubawa. Wanda ya ci sai ya biya kuɗi a ba shi lasin, ya kafa shi a inda duk mai shigowa zai gani, ya riƙa sabunta shi bayan 'yan shekaru. Shagon kansa yana da nasa lasin dabam, kuma ma'aikatan hukuma suna iya faɗowa ba sanarwa su duba. Har ila yau an rarraba sana'ar gida-gida: lasin mai aski dabam, na mai gyaran gashi dabam, na mai gyaran fata dabam, na mai gyaran farce dabam. A jihohi da dama mai gyaran gashi ba shi da ikon ɗora aska a gemun mutum, wannan haƙƙin mai lasin aski ne kaɗai.

Daɗin daɗawa, lasin wata jiha ba lalle ne ya yi aiki a maƙwabciyarta ba. Wanda ya shekara goma yana aski a jihar da ke neman awa 1,000, in ya ƙaura zuwa mai neman 1,500, ana iya ce masa ya kawo shaidar ƙwarewa, ko ya sake jarrabawa, ko ya koma aji ya ciko ragowar. Kan mutum dai bai sake ba don an ƙetare iyaka, gashi ma haka.

Hujjar Masu Doka

Adalci ne mu faɗi hujjar waɗanda suka kafa waɗannan dokoki, gama ba ta banza ba ce. Mai aski yana riƙe da ƙarfe mai kaifi a maƙogwaron mutum. Mai gyaran gashi yana aiki da magunguna masu ƙona fata, masu iya makantarwa in sun shiga ido. Kayan aikin da ya taɓa kan mutum ɗaya shi zai taɓa na wani bayan minti goma. Masana lafiya sun tabbatar ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana bakwai da rai a busasshen jini a jikin ƙarfe, ga kuma makero da sauran cututtukan fata da ke bin mataji da tawul.

An kuma ga abin da sakaci ke haifarwa. A shekarar 2000, a garin Watsonville na Kalifoniya, mutum fiye da 100 suka kamu da maruru masu wuyar warkewa a ƙafafu, aka bi sawu aka tarar daga kwatarniyar wanke ƙafa ta wani shagon gyaran farce guda ɗaya cutar ta fito, domin ba a tsabtace matatar da ke cikinta. A 2011 hukumar tarayya mai kula da lafiyar ma'aikata ta yi gargaɗi a kan wasu magungunan miƙar da gashi masu fitar da iskar fomaldihaid, irin maganin da ake adana gawa da shi. A 2022 kuma wani bincike na cibiyoyin nazarin lafiya na gwamnatin Amurka, wanda ya bi mata fiye da 33,000, ya nuna masu yawan amfani da magungunan miƙar da gashi sun fi waɗanda ba sa amfani da su haɗarin kamuwa da sankarar mahaifa fiye da ninki biyu.

Saboda haka ba ma tare da masu cewa hukuma ba ta da abin cewa a shagon aski. Mutumin da ya zauna a kujera ya miƙa wuyansa ba shi da hanyar sanin ko an wanke askar, ko abin da ke cikin kwalba zai ƙona shi. Haƙƙin hukuma ne ta tsaya masa. Akwai kuma wata hujja da masu sana'ar kansu ke kawowa, ita ma abin dubawa ce: sun ce lasin ya ɗaga darajar aikinsu, ya mai da shi sana'ar da ake karantawa, ba abin da kowane mai almakashi zai faɗa wa ba. Wanda ya kashe wata tara da dukiyarsa ya sami takarda, ba a yi mamaki ba in ya ji zafin a bar wani ya shigo kyauta.

Inda Gizo Ke Saƙar

Tambayar da ta dame mu ita ce: nawa ne daga cikin waɗannan awoyi ya shafi lafiyar jama'a? Wanke hannu, tsoma kayan aiki a magani, gane ciwon da bai kamata a taɓa ba, sanin haɗarin abin da ke cikin kwalba, duk waɗannan darussa ne na kwanaki ko makonni. Sauran lokacin yana tafiya ne a koyon salon yanka, da rini, da naɗi, watau abubuwan da in mutum bai iya ba, kasuwa da kanta za ta hukunta shi, don ba wanda zai koma wurin da aka ɓata masa kai. A ƙasar nan ta Amurka, ma'aikacin motar asibiti na matakin farko, wanda ake kira in numfashin mutum ya tsaya, horonsa bai cika wuce awa 150 zuwa 200 ba. Ashe mai gyaran gashi yana bukatar ninkin wannan sau da yawa? Kuma idan awa 1,000 ta isa kare mutanen New York, me ya sa ba ta isa kare na wata jiha ba? Ba mu ji an ce cututtukan fata sun fi yawa a jihohin da awoyinsu suka fi kaɗan ba.

Sai maganar kuɗi. Wata ƙungiyar lauyoyi mai suna Institute for Justice, wadda ta shahara da adawa da irin waɗannan dokoki, ta tattara alƙaluman gwamnatin tarayya ta fitar da rahoto a 2021. Ta ce matsakaicin kuɗin makarantar gyaran gashi da kwalliya ya haura dala 16,000, ɗalibai da yawa sai sun ci bashi, kuma waɗanda ke gamawa a kan lokaci ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mafi yawan waɗannan makarantu na 'yan kasuwa ne. A cikinsu ɗalibi yana yi wa mutanen gari aiki, su biya makaranta, shi kuma ba a ba shi lada, sai dai a rubuta masa awa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Su wane ne ke yanka awoyin, ko ke ba majalisa shawarar yanka su? A jihohi da yawa mafi yawan wakilan hukumar lasin masu sana'ar ne, wani lokaci har da masu makarantu. Ba sai mun ce mugaye ne ba. Ya isa mu ce wanda ke cikin ɗaki yana da riba in ƙofa ta ƙuntata, mai makaranta kuma yana da riba in awoyi sun yawaita. Wanzami ba ya son jarfa. Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta lura da wannan a 2015, a shari'ar hukumar likitocin haƙori ta Jihar Karolina ta Arewa, wadda ta kori masu goge haƙora marasa lasin daga kasuwa. Kotun ta yanke cewa hukumar da masu sana'a suka mamaye ba za ta fake da sunan gwamnati ta tsere wa dokar hana danniya a kasuwa ba, sai in gwamnatin jiha tana sa mata ido da gaske.

Babu inda rashin dacewar ya fito fili kamar a kan kitso. Makitsiya ba ta rini, ba ta ƙona gashi da magani, ba ta ɗora aska. Hannunta ne da mataji da tsinke. Duk da haka jihohi da yawa sun daɗe suna lissafa ta cikin masu gyaran gashi, suna tilasta mata zuwa makarantar da sau da yawa ba a ma koyar da kitso a cikinta. Jestina Clayton 'yar ƙasar Saliyo ce, ta iya kitso tun tana ƙaramar yarinya, ta zauna a Jihar Utah, ta soma yi don tallafa wa gidanta. Aka ce sai ta yi awa 2,000 a makaranta. Ta kai ƙara, a 2012 alƙalin tarayya ya ba ta gaskiya, bayan ya tabbata mafi yawan waɗannan awoyi ba su da wata alaƙa da aikinta. Kafin ita an yi irin wannan a Washinton, inda shari'ar Taalib-Din Uqdah da matarsa Pamela Ferrell ta kai ga sassauta doka a 1992, da Kalifoniya, inda JoAnne Cornwell ta yi nasara a 1999. Amma ba kullum kotu ke taimako ba. A Jihar Missouri kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan hukuma a farkon 2018, sai majalisar jihar ce ta gyara dokar daga baya a cikin shekarar.

A tuna kuma su wa abin ya fi shafa. Wanda ya bi titi na 125 a unguwar Harlem ta birnin New York ya ga matan Afirka ta Yamma da shagunansu na kitso. Matar da ta tashi da Wolof ko Bambara ko Fulatanci ko Zabarmanci ko Hausa, mai 'ya'ya a gida da iyaye a ƙauye suna jiran aike, ita ce ake ce wa ta ajiye aiki, ta biya makaranta, ta rubuta jarrabawa da harshen da ba ta karanta ba. Abin da ke faruwa sananne ne: da yawa sukan yi aikin a ɓoye, a cikin ɗaki ko a ƙarƙashin lasin wani. Mai aiki a ɓoye kuwa ba ta iya kai ƙarar wanda ya cuce ta, ba ta iya karɓar rance a banki, kuma ma'aikacin tsabta ba ya ganin inda take. Watau dokar da aka kafa don a sa ido ita ce ta kori mutane zuwa inda ido ba ya kai.

Akwai wani labari da ya fi wannan ban tausayi. Marc La Cloche ya koyi aski ne a gidan yarin Jihar New York, a ajin da gwamnatin jihar ta buɗe don fursunoni su sami abin yi in sun fita. Da ya nemi lasin sai wannan gwamnatin ta hana shi, bisa hujjar cewa wanda aka taɓa ɗaurewa bai cika sharaɗin kyakkyawan hali ba. Ya yi ta bin kotuna har ya rasu a 2005 bai samu ba. Sai a 2008 jihar ta gyara dokar. Hukuma ta koya wa mutum sana'a da hannun dama, ta ƙwace da na hagu, sa'an nan ta yi mamaki in ya koma halinsa na da.

Kan Mage Ya Fara Wayewa

Abin yabo ga Amurkawa shi ne sun soma duba kansu. A 2015 Fadar Shugaban Ƙasa, zamanin Barack Obama, ta fitar da rahoto mai nuna cewa a farkon shekarun 1950 ma'aikatan da ke bukatar lasin jiha ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, amma adadin ya tashi zuwa wajen kashi 25, ta kuma shawarci jihohi su rage abin da bai shafi lafiya ba. A kan wannan batu an ga 'yan jam'iyyun ƙasar biyu, waɗanda ba su cika shan inuwa ɗaya ba, sun haɗa baki. Texas ta rage awoyin gyaran gashi daga 1,500 zuwa 1,000 da dokar 2019. Kalifoniya ta rage daga 1,600 zuwa 1,000, ta kuma soke jarrabawar aiki tun daga farkon 2022. Arizona ta kafa doka a 2019 ta karɓar lasin wanda ya ƙaura daga wata jiha. Jihohi fiye da 30 sun 'yantar da kitso daga lasin baki ɗaya. Mississippi tun 2005 ta ɗauki hanya mai sauƙi, bayan gwagwarmayar wata makitsiya mai suna Melony Armstrong: a yi rajista, a biya dala 25, a bi ƙa'idodin tsabta da aka rubuta. Dubban mata suka yi rajista suka fito fili da sana'arsu.

Wannan ya nuna tsakanin hana kowa da sakin kowa akwai matakai. Tun 1962 masanin tattalin arziki Milton Friedman ya bambanta abu uku: rajista, inda hukuma ke sanin sunanka da wurinka kawai, takardar shaida, inda ake gwada ka a ba ka shaidar ƙwarewa amma ba a hana wanda ba shi da ita aiki, da lasin, inda aiki ba tare da shi ba laifi ne. Ingila ta tsaya a tsakiya: dokarta ta 1964 ta buɗe rajistar masu gyaran gashi, amma ta ganin dama ce, ba tilas ba, kuma mutanen Landan ba su rasa kawunansu ba.

Mu Fa?

Ga mai niyyar zuwa Amurka da tunanin zai riƙe kansa da aski ko kitso, shawararmu ita ce ya nemi dokar jihar da za shi tun kafin ya ɗaure kaya, domin abin da aka halatta a wannan jiha yana iya jawo tara a waccan. Ya tabbata makarantar da zai ba kuɗinsa hukumar jihar ta amince da ita, in ba haka ba awoyinsa sun tafi a banza. Ya kuma sani lasin sana'a dabam, izinin aiki dabam: bizar ɗalibi ba ta ba shi damar yin aiki a wajen makaranta sai da izini na musamman, kuma karya wannan yana iya raba shi da karatun da ya je nema.

Ga mu da za mu zauna a gida kuwa, darasin ya fi wannan nauyi. Mu ma ba baƙi ba ne ga tsarin sana'a. Tun kafin zuwan Turawa wanzamai suna da Sarkin Aska, wanda ya san wane ne ɗan gado, wane ne ya ƙware, kuma gare shi ake kai ƙara in an yi ɓarna. Sai dai wanzaminmu ya fi mai askin Amurka faɗin aiki. Shi ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ke tsaga da sakiya, shi ake kira ranar suna ya yi wa jariri askin farko, a wurare da yawa har ya cire masa beli. Haka masu askin Ingila suke a da, suna fiɗa suna zubar da jini, har aka raba ƙungiyarsu da ta likitocin fiɗa a 1745. Ma'ana, haɗarin da ke wurinmu na gaske ne, kuma ya fi nasu. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta gudanar a 2018 ya nuna wajen kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da cutar hanta nau'in B. Kowannenmu ya san shagon da ake aske mutum ashirin da inji ɗaya, ba abin da ke shiga tsakani sai goga da ɗan fetur ko kananzir, ya kuma san mai yankan farce da ke yawo da almakashi guda daga wannan hannu zuwa wancan.

To, a ganinmu ma'aunin guda ɗaya ne, a can da nan: doka ta yi daidai da girman haɗari, kada ta gaza, kada ta wuce. Inda ake fitar da jini, musamman a jikin jariri, lalle ne a yi horo na tilas, a haɗa wanzamai da asibiti, a yi amfani da sarakunansu maimakon a ture su gefe. Inda ake amfani da inji da reza, a koyar da tsabta cikin 'yan kwanaki, da harshen da mai sana'a ke ji, a wajabta sabuwar reza ga kowane kai, a tura duba-gari su duba da gaske. Magungunan gashi da na fata a tsare su tun daga inda suke shigowa, wannan aikin hukumar NAFDAC ne, ba na yarinyar da ke shago ba. Wanda ke son takardar ƙwarewa don neman aiki ko rance, ga gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, ya je ya yi don ganin damarsa. Makitsiya kuwa, da mai lalle, a bar su su ci abincinsu.

Abin da muke tsoro shi ne ranar da wani jami'i zai dawo daga ziyarar mako biyu, ya rubuta takarda cewa kowane mai aski da kowace makitsiya sai sun mallaki lasin, da fom, da hoto, da kuɗin sabuntawa kowace shekara. Mun san ƙarshen irin wannan. Reza ba za ta ƙara tsabta ba, sai dai a sami sabon rasit da sabon mai karɓa a bakin shago, yaron da ya sayi inji da janareta da guminsa kuma ya rufe ya koma zaman banza a bakin titi. A ƙasar da masu digiri ke yawo da takardu ba aiki, toshe wa matasa ƙofar sana'ar da ake farawa da ɗan jari kaɗan ba ƙaramin zalunci ba ne. Kuma duk hukumar da ta karɓi kuɗin lasin ta sani ta ɗauki alkawari: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ba za ta iya aika mai dubawa ba, ba ta da hujjar aika mai karɓa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman masu karatun shari'a da aikin mulki da kiwon lafiya, da ƙananan ma'aikatan da fayil ke fara biyowa ta teburinsu, duk ranar da aka kawo muku shawarar sabon lasin, ku yi tambaya uku kafin ku sa hannu. Wace ɓarna ce ake gudu, kuma an taɓa ganinta? Babu wata hanya mai sauƙi da za ta hana ta? Wa zai ci riba in an ƙuntata ƙofar, wa kuma zai kwana da yunwa? Amurkawa sun yi shekara fiye da ɗari suna ɗora sharaɗi a kan sharaɗi, yau ga su suna saukewa ɗaya bayan ɗaya, bayan an kama wasu, an ci tarar wasu, wani ya mutu yana jira. Ba dole ne mu bi wannan doguwar hanya kafin mu isa inda suka dawo ba.